Rigimar dala 9.99: yadda Amazon, Apple da kamfanonin ɗab'i suka kai ruwa rana kan farashin littafi

Da yammacin Juma'a 29 ga Janairun 2010, masu shiga shagon Amazon na intanet a Amurka suka fara cin karo da abin mamaki. Littattafan kamfanin ɗab'i na Macmillan suna nan a shafukansu, ga hoton bango, ga sunan marubuci, ga ra'ayoyin waɗanda suka karanta, amma maɓallin da ake dannawa a saya ya yi ɓatan dabo. Na takarda da na laturoni, wato wanda ake karantawa a na'ura, duk abin ya shafa. Wanda ya matsu sai dai ya nemi kwafi a hannun ƙananan 'yan kasuwar da suka raɓa a shafin suna sayar da nasu.

Macmillan ba ƙaramin gida ba ne. Yana cikin manyan kamfanoni shida da suka riƙe ɗab'in littattafai a Amurka a lokacin, tare da Hachette, HarperCollins, Penguin, Random House da Simon & Schuster, kuma mallakar iyalin Holtzbrinck ne na Jamus. Laifinsa ɗaya. Ranar Alhamis, kwana ɗaya kafin nan, shugabansa John Sargent ya tashi takanas daga New York zuwa Seattle, hedkwatar Amazon, ya ce musu daga yanzu Macmillan ne zai riƙa yanke farashin littattafansa na laturoni. In ba su yarda ba, duk sabon littafi sai ya yi wata bakwai a kasuwa kafin a ba su kwafin na'ura. Kafin ya gama kakkaɓe ƙurar tafiya an sauke masa kaya daga kanta.

Tushen rigimar yana komawa Nuwambar 2007, lokacin da Amazon ta fito da na'urar karatu ta Kindle a kan dala 399. Don ta jawo mutane su saye ta, sai ta sa wa sababbin littattafai da waɗanda suka fi kasuwa farashi guda, dala 9.99. A tsarin da ake kai, sari take yi. Kamfanin ɗab'i ya yanke farashin bango, ya sayar wa mai shago a kan kusan rabi, mai shago kuma ya sayar yadda ya ga dama, don kaya sun riga sun zama nasa. Ɗauki littafin da bugunsa mai kaurin bango yake dala 26. Amazon za ta biya kusan dala 13 a kan kwafin na'ura, ta juya ta sayar 9.99, ta yi faɗuwar kusan dala uku a kowane kwafi da idonta a buɗe. Tsaba take watsawa. Wanda ya sayi Kindle ya tara littattafai a cikinta, ya zama nata, domin littafin Kindle ba ya buɗuwa a na'urar karatu ta wani kamfani. Kafin ƙarshen 2009 kusan kashi 90 cikin 100 na kasuwar littafin laturoni a Amurka yana hannunta.

Mai karatu zai ce to ina ruwan kamfanonin ɗab'i, tunda an biya su kuɗinsu cif? Ai mai sayar da buhun masara ba ya bin ɗan sari kasuwa ya ga nawa ya sayar da mudu. Sai dai su abin da suke hangowa daban ne. Ribarsu mafi tsoka tana cikin bugu mai kaurin bango, wanda ake sayarwa dala 25 zuwa 30. Idan jama'a suka saba da cewa sabon littafi dala goma ne, wa zai ƙara kallon na dala 28? Shagunan littattafai na gari, inda mutum ke shiga ya ɗaga wannan ya ajiye wancan har ya faɗa wa abin da bai zo nema ba, za su mutu ɗaya bayan ɗaya. Sannan babban tsoron, ranar da babu kowa a fili sai Amazon, za ta daina ɗaukar faɗuwa, ta ce musu su sauke kuɗin sari, kuma ba su da inda za su kai kuka.

Kowannensu ya gwada tasa dabarar. Wasu suka ƙara kuɗin sari, Amazon ta shanye ƙarin, 9.99 bai motsa ba. A ƙarshen 2009 Simon & Schuster da Hachette da HarperCollins suka fara jinkirta fitar da kwafin na'ura na wasu sababbin littattafai, abin da ya harzuƙa masu Kindle kuma bai sa Amazon ta ko gezau ba. Shugabannin kamfanonin kan haɗu su ci abinci a keɓaɓɓun ɗakuna na gidajen abincin Manhattan, ciki har da wani mai suna Picholine, ba lauya a tare da su, kuma zancen 9.99 ba ya barin teburin. Wannan liyafa ta dawo ta zame musu ƙarfen ƙafa daga baya.

Shigowar Apple

Ana cikin haka sai ga Apple, tana shirin fito da iPad, tana son ta buɗe shagon littattafai a cikinsa. A tsakiyar Disambar 2009 Eddy Cue, jami'in da shugaban Apple, Steve Jobs, ya ɗora wa aikin, ya sauka New York ya bi manyan shidan ɗaya bayan ɗaya. Apple ba ta da niyyar sayar da komai da faɗuwa, kuma ba ta so a ga kayanta sun fi na Amazon tsada. Abin da aka tsaya a kai shi ne a bar sari a koma dillanci. Kamfanin ɗab'i ne mai kaya, shi zai faɗi farashi, Apple dillaliya ce kawai, ta cire la'adarta ta kashi 30 cikin 100 ta miƙa sauran 70. Aka yi wa farashin rufi gwargwadon kuɗin bugun takarda, yawancin sababbin littattafai suka faɗa a dala 12.99 ko 14.99.

Dillanci shi kaɗai ba laifi ba ne a dokar Amurka. Inda gizo ke saƙa shi ne wani sharaɗi da Apple ta cusa a yarjejeniyar: duk inda aka samu wani shago yana sayar da sabon littafi ƙasa da farashin shagon Apple, dole kamfanin ɗab'i ya sauke na Apple ya yi daidai da wancan. A ido kamar kare kai ne kawai. Amma a buga lissafin. Idan Amazon ta ci gaba da 9.99, dole a sayar 9.99 a Apple ma, kamfanin ɗab'i ya tashi da kusan dala bakwai, alhali yana karɓar 13 a hannun Amazon. Babu mai jure wannan. Mafita ɗaya ce, a tilasta wa Amazon da duk sauran shaguna su koma dillanci su ma, a ƙwace musu ikon karya farashi. Kuma babu kamfani ɗaya da zai iya tunkarar Amazon shi kaɗai, shi ya sa kowanne ya riƙa neman tabbaci daga Cue cewa ba shi kaɗai zai sa hannu ba, Cue kuma yana sanar da su yadda ake ciki da sauran. A waɗannan kwanaki wayar shugabannin ba ta huta ba tsakaninsu. Biyar suka sa hannu kafin ranar ƙaddamarwa. Random House, wanda ya fi su girma, ya noƙe, bai koma dillanci ba sai Maris ɗin 2011, kuma wannan jinkirin ne ya raba shi da shari'a.

Akwai wani lissafi da ya fi komai fito da gaskiyar al'amarin. A tsarin sari, littafin nan na dala 26 yana kawo wa kamfanin ɗab'i dala 13. A tsarin dillanci, in an sayar da shi 12.99, kashi 70 ɗinsa dala 9.09 ne. Mai karatu ya biya ƙarin dala uku, kamfanin ɗab'i ya yi asarar kusan dala huɗu, marubuci ma nasa ya ragu, tunda yawanci kashi 25 cikin 100 na abin da ya shigo hannun kamfani ake ba shi. Mutum biyar masu hankali, 'yan kasuwa, sun yarda a rage musu kuɗi a kowane kwafi don dai linzamin farashi ya dawo hannunsu. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci rigimar duka.

Ranar Laraba 27 ga Janairun 2010, a San Francisco, Jobs ya hau dandamali ya nuna iPad, ya buɗe shagon littattafan a gaban jama'a, ya sayi littafin tarihin rayuwar Sanata Edward Kennedy a kan dala 14.99. Bayan an tashi, ɗan jarida Walt Mossberg na Wall Street Journal ya tare shi, kyamara tana ɗauka, ya tambaye shi me zai sa mutum ya biya 14.99 alhali littafin yana 9.99 a Amazon. Jobs ya amsa masa cewa ai ba haka za ta kasance ba, farashin zai zama ɗaya, ya ƙara da cewa kamfanonin ɗab'i ba sa jin daɗin Amazon. Baki shi ke yanka wuya. Ta ina shugaban Apple ya san farashin da Amazon za ta sayar nan gaba, in ba an riga an kitsa ba? Babbar lauyar Simon & Schuster da ta ga maganar, sai ta rubuta wa shugabarta cewa wannan wauta ce tsantsa. Washegari Sargent ya nufi Seattle.

Kwana biyu Amazon ta yi tana cije wa. Ranar Lahadi 31 ga wata ta rubuta wa masu Kindle cewa ba ta yarda da farashin ba, tana ganin ya yi tsada ba gaira ba dalili, amma ala tilas za ta miƙa wuya, domin Macmillan yana da babakere a kan littattafansa. Mutane da yawa sun yi dariyar wannan kalma daga bakin mai kashi 90 na kasuwa. Maɓallan ba su dawo ba sai bayan kusan mako guda. Amazon ta san ba Macmillan kaɗai ba ne, sauran huɗun suna layi, kuma ba za ta iya sauke littattafan kamfanoni biyar a lokaci guda ba. Kafin tsakiyar shekarar duk biyar ɗin sun mai da ita dillaliya. Sai dai ba ta koma gefe ta yi tagumi ba, ta rubuta wa hukumar kula da cinikayya ta tarayya tana ƙorafin yadda buƙatun suka zo mata iri ɗaya kuma a lokaci ɗaya.

Shagon Apple ya buɗe a Afrilun 2010, farashi ya tashi nan take. Alƙaluman da kotu ta karɓa daga baya sun nuna cewa a Amazon, littattafan kamfanonin biyar sun ƙaru da kashi 18.6 cikin 100 in aka haɗa duka, waɗanda ke jerin mafi kasuwa na jaridar New York Times kuwa da kashi 42.7. A gefe guda kuma rabon Amazon a kasuwa ya sauka zuwa wajen kashi 60, Barnes & Noble, babban kamfanin shagunan littattafai, da na'urarsa ta Nook ya samu wurin tsayawa, tunda yanzu farashi ɗaya ne ko'ina.

A gaban kotu

Ranar 11 ga Afrilun 2012 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka, ƙarƙashin ministanta Eric Holder, ta maka Apple da kamfanonin biyar a kotun tarayya da ke New York, bisa dokar Sherman ta 1890 da ta haramta wa abokan gasa haɗa baki su tsayar da farashi. Jihohi da yankuna 33 suka shigar da tasu ƙarar. Hachette, HarperCollins da Simon & Schuster suka sasanta a ranar. Penguin ya bi a Disamba. Macmillan ya yi ta turjiya har Fabrairun 2013, sannan Sargent ya rubuta wa marubutansa cewa bai yarda sun yi laifi ba, amma diyyar da za a iya ɗora musu in sun faɗi ta fi ƙarfin kamfanin. Jimillar abin da biyar ɗin suka biya dala miliyan 166 ne. Aka kuma sa su bar shaguna su riƙa yin ragi na tsawon shekara biyu, aka hana su irin sharaɗin nan na Apple na shekara biyar. Hukumar Tarayyar Turai ma ta karɓi makamancin wannan alkawari daga Apple da kamfanoni huɗu a Disambar 2012.

Apple kaɗai ta tsaya. Aka yi shari'ar a Yunin 2013 gaban Mai Shari'a Denise Cote, ba tare da masu taya alƙali yanke hukunci ba. Jobs ya rasu tun Oktoban 2011, amma shi ne shaidan da ya fi kowa cutar da kamfaninsa. Aka kunna hirarsa da Mossberg. Aka karanta wasiƙar imel da ya aika wa James Murdoch, wanda kamfanin iyalinsa ya mallaki HarperCollins, yana kiransu su jefa ƙuri'arsu da Apple a gina kasuwa a kan 12.99 da 14.99. Aka kuma kawo abin da ya faɗa wa marubucin tarihinsa Walter Isaacson, cewa sun gaya wa kamfanonin ɗab'i su yanke farashi, Apple ta ɗauki kashi 30, mai saye zai ɗan biya ƙari, amma ai abin da suke so ke nan. Cue ya dage a akwatin shaida cewa shi shagon Apple kawai yake ginawa, bai damu da abin da za su yi da Amazon ba. Ranar 10 ga Yuli, cikin hukunci mai shafi 160, Cote ta ce Apple ta taka muhimmiyar rawa wajen shirya haɗin bakin da aiwatar da shi.

Hukuncin bai gamsar da kowa ba, kuma waɗanda suka yi suka ba mahaukata ba ne. Tun kafin a shigar da ƙara Scott Turow, shugaban ƙungiyar marubuta ta Authors Guild, ya yi gargaɗin cewa gwamnati na gab da kashe gasa ta gaskiya don ta ceci abin da ya yi kama da gasa. Da Apple ta ɗaukaka ƙara, alƙalai uku suka rabu biyu da ɗaya ranar 30 ga Yunin 2015. Dennis Jacobs, wanda ya saɓa, ya ce Apple sabuwar shiga ce da ta fasa kasuwar da mutum ɗaya ya riƙe kashi 90, don haka bai kamata a yi mata hukuncin masu haɗa baki kai tsaye ba. Masu rinjaye, ta bakin Debra Ann Livingston, suka ce ƙarfin wani ɗan kasuwa ba ya ba sauran lasisin ɗaukar doka a hannu su haɗu su ɗaga farashi.

Ni a ganina masu rinjaye suna da gaskiya a kan abin da aka kawo gabansu, hujjojin sun yi yawa, kuma da bakinsu waɗanda ake tuhuma suka tara su. Abin da ke da nauyi a zuciya shi ne tambayar da ba a kawo gaban kotun ba. Dokar gasa ta Amurka, tun daga ƙarshen shekarun 1970, ta fi duba abu ɗaya: mai saye ya biya ƙari ko ragi? Mai karya farashi, ko da kashi 90 yake riƙe da shi, da wuya a kama shi, musamman da Ma'aikatar Shari'a ta ce bincikenta ya nuna sashen littafin laturoni na Amazon riba yake ci in aka haɗa shi gaba ɗaya. Ƙato guda yana da 'yancin yin abin da in raunana biyar suka haɗu don su tare shi za a ce sun yi laifi. Wasu ƙasashen ba haka suka ɗauki littafi ba. A Faransa tun 1981 doka ta ba kamfanin ɗab'i ikon yanke farashi ɗaya da kowane shago zai bi, aka faɗaɗa ta zuwa littafin laturoni a 2011, Jamus ma tana da irin tata. Abin da aka ci mutane tara a kansa a New York, sakamakonsa shi ne doka a Paris. Bambancin, can majalisa ce ta yi shi a fili, nan kuwa shugabannin kamfani ne suka ƙulla a bayan labule.

Tsugune ba ta ƙare ba. Da wa'adin sasantawar ya zo ƙarshe, aka koma teburin ciniki ɗaya bayan ɗaya, kuma Hachette ne ya fara shiga hannu a 2014. Wannan karon Amazon ba ta cire maɓalli gaba ɗaya ba, salo ta sauya: littafin da ake kai wa mutum cikin kwana biyu ya koma sai makonni, aka daina karɓar odar littattafan da ba su fito ba tukuna, aka janye ragi. Marubuta kusan 900, bisa jagorancin marubuci Douglas Preston, suka sa hannu a wasiƙar da aka buga a cikakken shafi na New York Times a watan Agusta, suna cewa a daina garkuwa da su. A Nuwamba aka daidaita, kuma Hachette ne zai riƙa yanke farashin littattafansa na laturoni. Simon & Schuster ya riga ya samu irin wannan a Oktoba, sauran suka biyo baya. Wato dillancin da aka kai mutane kotu a kansa ya dawo ta ƙofar gaba cikin shekara biyar, tunda kowa shi kaɗai ya je ya nema. Sababbin littattafan manyan kamfanoni suka koma 12.99 da 14.99. Ƙasan kasuwar kuwa Amazon ta riga ta share wa kanta tun Janairun 2010, mako guda kafin a nuna iPad, lokacin da ta sanar da cewa marubucin da ya wallafa littafinsa da kansa a Kindle zai samu kashi 70, muddin ya sa farashi tsakanin dala 2.99 da 9.99.

Ranar 7 ga Maris ɗin 2016 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙarar Apple, dala miliyan 450 suka wajaba a kanta, 400 na masu saye, 50 na lauyoyi da jihohi. Daga watan Yuni aka fara rabo: dala 6.93 kan kowane littafin da ya shiga jerin mafi kasuwa na New York Times, dala 1.57 kan sauran. Yawancin mutane ba a ba su tsabar kuɗi a hannu ba, an zuba musu ne a asusunsu na shagon da suka yi sayayyar, su kashe a can. Mafi yawan littattafan kuwa a Amazon aka saye su, don haka can kaso mafi tsoka na kuɗin Apple ya sauka, da wa'adin shekara guda a kashe shi ko ya ƙone.